Ranar da Tarihi Ya Faɗo Mini a Ƙafa

Yau da safe a layin mai wani bawan Allah ya taka mini babban ɗan yatsan ƙafa. Ina tura babur ɗina, mun yi awa biyu muna matsawa taku-taku, sai mutumin da ke gabana ya ja da baya da jarkarsa, ya sauke dunduniyarsa daidai inda aka naɗe da bandeji. Na yi wata irin ƙara da ban san ina da ita ba. Ya ba ni haƙuri, ya duƙa ya dubi ƙafar, ya tambaye ni abin da ya same ta. Na ce masa tarihi ne ya faɗo mata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗauki jarkarsa ya koma can bayan layi, ya bar mini wurinsa. Tun da aka fara wahalar man nan ban taɓa samun ci gaba irin wannan ba, alhali gaskiya zalla na faɗa masa.

Ga waɗanda ba su san ni ba, rubutun allo ne sana'ata. Allon shago, lambar gida, "ba a fitsari a nan", duk ina yi. Amma inda na fi suna shi ne allon dutse, irin wanda ake mannawa a jikin gini a rufe da labule, wani babban mutum ya zo ya ja igiya a yi tafi. Shekara talatin ina sassaƙa sunayen manya a marmara. In kun ga gada ko asibiti ko makewayi da aka rubuta cewa wane ne ya kafa tarihi a wurin, to ku duba da kyau, hannuna ne. Wasu gine-ginen sun rushe, wasu ba a ma kai ga gina su ba, amma allunan suna nan daram, domin ni ba na aikin ha'inci.

Ina da 'ya, ita ce ta fari. Ta yi shekara huɗu a jami'a tana karatun tarihi, ta fito da sakamakon da malamanta suka yi ta yabawa. Shekara uku ke nan tana zaune a gida. A unguwa Jiya ake kiranta, wai don ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen karanta abin da ya riga ya wuce. Maƙwabcina mai faci ne ya laƙaba mata, sunan kuwa ya bi ta, har uwarta in rai ya ɓaci da shi take kira.

Babu ƙofar da yarinyar nan ba ta ƙwanƙwasa ba. A banki suka ce su gaba suka sa a gaba. A wata makaranta suka ce tarihi sun haɗe shi da wasan motsa jiki ranar Alhamis, malami ɗaya ke yin duka biyun, kuma ya fi ƙarfi a ɓangaren tsalle. Wani manajan kamfani da ya ji abin da ta karanta sai ya ce mata ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ta ce masa, yallaɓai, ai waiwaye adon tafiya ne. Ya ce to ta waiwaya, za ta ga ƙofa.

Manyanmu kuwa, Allah ya ƙara wa kujerunsu laushi, ba su yi ƙasa a gwiwa ba. Duk shekara sai sun yi wa matasa alkawarin aikin yi, sabo fil a leda, kuma ba su taɓa rage ko mutum ɗaya daga adadin bara ba. Wannan riƙon amana ne da ya kamata a yaba. Jiya ce kaɗai a duk unguwar take yanke jaridun da aka buga alkawuran tana jerawa a wani kwali shekara-shekara. Na sha gaya mata wannan ɗabi'a ce ke hana ta aiki. Manya suna son tarihi ne yadda suke son hoto, wato in suna ciki kuma sun yi kyau.

Mai faci ba ya gajiya da tsokanarta. Wata rana ya ce tunda ita masaniyar abin da ya wuce ce, ta gaya masa wanda ya sace masa jak ɗin ɗaga mota bara, shi ma ai tarihi ne. Da wasa ya faɗa, ita kuwa ta ɗauko littafi da biro. Ta tambaye shi ranar da ya yi wa jak ɗin ganin ƙarshe, ta tambayi mai shayi, ta tambayi matar mai facin, ta gwada maganar wannan da ta wancan. Bayan kwana biyu ta dawo ta ce masa ba a sace ba, shi da hannunsa ya ba surukinsa aro, kuma mutum uku sun gan shi yana ɗaure masa a bayan babur. Shekara guda cur mai faci yana tsine wa ɓarawon jak safe da yamma, ashe uban matarsa yake tsine wa. Ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarta, ya ce wannan ba karatu ba ne, raba zumunci ne.

To, watan jiya sai ga sanarwa daga Hukumar Tunawa da Alherin Manya, wai suna neman jami'in tarihi mutum ɗaya tak. Uwarta ta goge mata rigar nan guda da take zuwa neman aiki da ita, na ɗauke ta a babur muka tafi. Shugaban wurin na san shi, shi ke ba ni aikin alluna. Mai Biro Uku muke ce masa, domin kullum akwai ja da baƙi da shuɗi a aljihun gabansa, ko da yake ban taɓa ganin ya rubuta abin da ya wuce sa hannu ba. Ya ce shi ba ya ɓata lokaci da tambayoyi, gwaji zai yi mata. Mai Girma Uban Almakashi zai zo ƙaddamar da famfon da ke ƙarshen layinmu nan da kwana goma. Ita za ta tsara kalmomin da za a sa a allo, ni in sassaƙa. In kalmomin sun yi wa Mai Girma daɗi, aiki nata ne. Sharaɗi ɗaya ne kawai, dole a rubuta "karo na farko a tarihi", domin Mai Girma ba ya sauka daga mota saboda abin da aka taɓa yi.

Famfon nan kowa a unguwa ya san shi. Wata 'yar katanga ce mai kawunan famfo uku, awaki na kwanciya a inuwarta, masu jiran mota na jingina da ita. Ruwa dai ba ya cikin ayyukanta. Matan layinmu can gangare suke zuwa ɗebowa, tafiya mai nisa da bokiti a ka. Mai faci ya daɗe yana cewa bai taɓa ganin katangar da ke ƙiba ba sai wannan, duk bayan 'yan shekaru sai ta ƙara tumbi kamar masu zuwa buɗe ta. Ni na san dalilin ƙibar, amma na yi gum da bakina.

Washegari muka je da Jiya, ita da igiyar awo don ta san yawan kalmomin da wurin zai ɗauka, ni da guduma don in ji ko katangar za ta iya ɗaukar wani nauyin. Na ɗan ƙwanƙwasa sau ɗaya, ban ma sa ƙarfi ba. Sai na ji ƙas, siminti ya tsage daga sama har ƙasa, allon da ke fuskar katangar ya taho gaba ɗayansa ya sauka a kan babban ɗan yatsana. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, amma ban taɓa zaton a ƙafata ƙasar take ba.

Ina riƙe da ƙafa ina salati ina tsalle, 'yar da na haifa ko kallona ba ta yi ba. Ta durƙusa tana share ƙura da gefen gyalenta, idanunta sai ƙyalli suke yi, domin a bayan allon da ya faɗo akwai wani allon. Ta sa igiyar awo ta ɓamɓare shi, ga wani a baya. Ta kira mai faci ya kawo ƙarfen cire taya. Kafin rana ta take, alluna biyar ne jere a ƙasa, katangar kuwa ta koma siririya abin tausayi. Kowane allo da sunan Mai Girmansa daban da shekararsa daban, amma sauran maganar ɗaya ce babu bambancin ko ɗigo: a nan ne wane ya kafa tarihi, inda ya shayar da wannan unguwa ruwa karo na farko a tarihi.

Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ɗago.

"Baba, wa ya rubuta waɗannan?"

Na ce mata masu rubutun allo suna da yawa a garin nan, kuma ta dubi halin da ƙafata ke ciki. Sai ta ɗora yatsa a kan kalma ɗaya a allon farko, ta matsa ta ɗora a na biyu, har na biyar. Jama'a, kun san "kafa" ba ta da ƙugiya a kan harafinta na farko. In ka sa mata ƙugiya ta zama "ƙafa", irin wadda nake riƙe da ita a lokacin. To duk allunan nan biyar cewa suka yi Mai Girma ya ƙafa tarihi. Ga ƙugiyar nan ɓaro-ɓaro, a lanƙwashe kamar mariƙin lema, yadda ni kaɗai nake yin ta. Ta ce tun tana ƙarama take ganin wata takardar zane mai ramukan haruffa a ƙarƙashin katifata, kuma ko ido rufe za ta gane wannan ƙugiya.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, sai na sallama. Allon farko a makon da aka haife ta na sassaƙa shi. Murna ta cika ni, ina ta raba wa haruffa ƙugiya kyauta. Daga shi na yanka takardar zanen, bayan nan kuma suna da shekara kawai nake canjawa, in manna sabo a kan tsoho, domin kowane shugaban hukuma cewa yake babu lokacin cire na baya. Shekara ashirin da shida, manyan mutane biyar, da masu riƙe musu jaka, da 'yan jarida, da masu hoto, babu wanda ya taɓa lura. Babban mutum in ya ga sunansa a dutse ya gama karatu.

A gida aka yi ta. Jiya ta ce ba za ta rubuta karo na farko a kan abin da aka yi sau biyar ba, in ta yi haka gara ta kai takardar digirinta wa mai ƙosai ko mai gyaɗa ya yi ƙunshi da ita. Uwarta ta ajiye bokitin da ta shigo da shi, ta ce da ita a goye ta tsaya a layin famfon nan ranar buɗewar farko, don haka ba a yau ta fara sanin ƙarya ce ba, kuma ƙaryar ba ta taɓa cizon kowa ba sai yau da ta ciji ubanta. Ta ce a rubuta musu abin da suke so, ko karo na farko tun da aka halicci ruwa ne, in dai za a ba ta aiki. Ni ma na goyi bayan uwar. Na ce mata abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ta ce ita ba rimi ta hau ba, ƙasa ta tona.

Gaskiyar magana tsoro ne ya kama ni, da kunya. Kunya saboda 'yata ta ga abin da ubanta ya yi shekara da shekaru yana ci da shi. Tsoro kuma saboda na gaji da ganin rigar nan guda ana goge ta da safe, da yamma a dawo a rataye ta ba labari. In wannan dama ta wuce ban san wata ba, kuma da gudumata na fasa ta.

Kwana uku Jiya tana yawo gida-gida da littafinta, tana zama da matan layi tana tambayarsu yadda kowace buɗewa ta kasance. Ashe tarihin famfon nan kaf yana bakinsu, ba wanda ya taɓa tambaya ne kawai. Sun san wane Mai Girma ne ya zo da ruwan sama, wane ne almakashi ya ƙi ci a hannunsa. Sun san kowane karo tankar ruwa ake ɓoyewa a bayan shagon mai walda, a ja tiyo ta ƙarƙashin rumfa zuwa bayan katanga. Sun ma san iyakar abin da ke zuba kafin motocin manya su tashi a naɗe tiyo: bokiti huɗu da rabi, bai taɓa kai biyar ba.

Rana ta huɗu ta miƙo mini takarda ta ce ga abin da zan sassaƙa. Na karanta, saura kaɗan in nemi abin da zai faɗo wa ɗaya ƙafar in huta. Ta rubuta cewa a nan ne Mai Girma Uban Almakashi ya kafa tarihi, domin wannan ne karo na farko a tarihi da aka ƙaddamar da famfo guda sau shida.

Na ce mata ta rufa mana asiri. Ta ce duk abin da shugaban hukuma ya nema yana ciki, kuma babu harafin ƙarya ko ɗaya, in nuna mata in akwai. Na duba sama na duba ƙasa ban samu ba. Muka kai wa Mai Biro Uku ina ɗingishi ina addu'a a zuci. Ya ɗora gilashi a hanci, ya ga sunan ubangidansa, ya ga "karo na farko a tarihi", ya ce madalla, yarinya ta san aiki. Ya sa hannu da ja, ya maimaita da shuɗi. Jiya ta tambaye shi yadda za a yi da tsofaffin duwatsun da suka faɗo. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce a kawar da su daga idon jama'a.

Ta kuwa kawar da su. Ta wanke su tas da sabulu, ta jera su a gindin katangar bisa tsarin shekarunsu, a ƙarƙashin sabon allon, ta sa aka saki labulen har ƙasa. Babu idon da ya gan su.

Ranar buki an kafa rumfuna, an jera kujeru, an share layinmu sharar da bai taɓa gani ba, har awakin aka kora. An ce ƙarfe goma, Mai Girma ya iso ƙarfe biyu da motoci goma sha huɗu, kowace tanki cike, a garin da ni nake tura babur. Uwar Jiya tun safe ta kafa bokitinta a bakin famfon tsakiya, domin ita ta san lissafin. Aka yi jawabai, aka kira Mai Girma da sunaye masu daɗi, ruwan sama gama gari, inuwar marayu, rijiya mai ba da ruwa ko da rani. Ya yanka ƙyalle, ya kama igiya ya ja.

Labule ya zame, sai ga alluna shida. Shi idonsa na kan na sama inda sunansa yake. Mai riƙe lasifika ya kara masa a baki, ya fara karantawa da murya mai kauri, bakinsa na gudu ya bar hankalinsa a baya. Sai da ya kai "sau shida" ya tsaya. Lasifikar ta maimaita masa daga can ƙarshen layi. Wurin ya yi tsit, har ana jin gurnanin tankar da ke bayan shagon mai walda. Na dubi Mai Biro Uku, gumi ya jiƙa masa aljihu har jan biro ya fara zuba. Na dubi Jiya, tana tsaye da rigar nan guda, ba ta sunkuyar da kai ba. Ni kam na fara tunanin wace sana'a ake koya a shekaruna.

Mai faci ne ya cece mu, Allah ya saka masa. Ya miƙe ya fara tafi shi kaɗai, ya ce ya yi yawo a duniya bai taɓa jin inda aka buɗe famfo sau shida ba, wannan sai mai sa'a. Mai Girma ya karkata ya raɗa wa na kusa da shi wata tambaya, ya manta lasifika na bakinsa, duk muka ji.

"A cikin na baya akwai wanda ya kai shida?"

Aka ce masa babu, ranka ya daɗe, mafi ƙoƙarinsu a biyar ya tsaya.

Fuskarsa ta washe. Ya ce ya daɗe yana neman abin da zai yi wanda na gabansa suka kasa, ashe yana nan ƙarshen layinmu. Ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya yana karanta sunayen magabatansa yana girgiza kai cikin tausayi. Nan take ya ba da umarnin a mai da wurin wurin tarihi, a kewaye shi da sarƙa, a sa masa mai kula. Sannan ya murɗa famfo, ruwa ya zubo, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Uwar Jiya ta cika bokiti biyu, maƙwabciyarta biyu, bokiti na biyar ya tsaya a rabi.

Washegari Mai Biro Uku ya kira mu, ya wanke Jiya tas. Ya ce laifinta ɗaya, tana tuna abu, kuma hukumar tunawa ba wurin irin wannan hali ba ne. Ya so ya ba wani ƙanin matarsa kujerar mai kula, aka kawo shi ya jera allunan, ya sa na huɗu a farko na farko a kife. Ga shi Mai Girma ya ce zai riƙa kawo baƙi, kuma yana son a riƙa yi musu bayanin yadda ya zarce mutum biyar. Duk hukumar aka duba, babu wanda ya san bayanin sai mutum ɗaya. Ranar Litinin takardar ɗaukar aiki ta iso gidanmu da sa hannu kala uku.

Uwarta ta rungume ta tana kuka, ni ma na juya baya na ce ƙafar ce ke mini zugi. Sai da hawaye ya lafa Jiya ta karanta mana takarda ta biyu da ke cikin ambulan. Tunda famfo ya zama kayan tarihi, doka ta hana a taɓa shi, ko a canja masa siffa, ko a haɗa masa bututu, domin ruwa na lalata kayan tarihi. Uwar ta zauna a kan bokitin da ta kife, ta fashe da dariya har tana riƙe ciki. Ta ce da dai ruwan ba ya zuwa ne kawai, yanzu kuwa in ya zo sai an kama shi.

Yanzu kullum da safe Jiya na fita aiki, tafiyar taku ɗari daga ƙofar gida. An ba ta tebur da kujera da lema. Abin mamaki, mutane na zuwa. Matan layi sukan ajiye bokiti in sun dawo daga gangare su gyara mata labari, tana rubutawa. Wani tsoho ya kawo takardar gayyatar buɗewa ta biyu da ya adana. Mai faci ya kawo jak ɗinsa ya ce a ajiye, shi ma ya sha gwagwarmaya.

Abu ɗaya ne ya hana ni sukuni, ƙugiyoyin nan biyar. Na je mata da dutsen goge marmara a aljihu, na ce ta bar ni minti goma in shafe su, kada a yi ta yi wa ubanta dariya. Ta tare ni a bakin sarƙa ta ce doka ta hana, kuma ko doka ba ta hana ba ita ta hana, domin hujja ce.

Shekaranjiya wata malama ta kawo 'yan ajinta. Na laɓe a rumfar mai faci ina jin su. Jiya ta nuna musu ƙugiyar, ta tambaye su bambancin kafa da ƙafa, suka yi ta ƙyalƙyala dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Malamar ta tambaya ko an san wanda ya yi wannan aika-aika. Na ce shi ke nan, yau za a ƙarasa ni.

"An san shi," in ji Jiya. "Babana ne. A makon da aka haife ni ya yi ta, don murna. Da hannun da ya sassaƙa allunan nan ya kai ni makaranta har na iya karanta su. Manya biyar sun tsaya a nan ba su bar mana ko ɗigon ruwa ba, shi ya bar mana shaida."

Mai faci ya dube ni ya ce me ya sami idona. Na ce masa warin gam ɗinsa ne. Na fito da dutsen gogewar daga aljihu na ba shi, na ce ya riƙa kankare tiyub da shi.

Af, na kusa mantawa. Mai Biro Uku ya aiko jiya da yamma. Wai wurin tarihin nan ba a ƙaddamar da shi a hukumance ba tukuna, Mai Girma zai zo wata mai kamawa, ana bukatar sabon allo, kuma a tabbata an sa karo na farko a tarihi. Na karɓi aikin, sana'a ce. Amma man da na sha layi na saya yau, kasuwa zan tafi da shi, an ce akwai takalmi mai ƙarfe a baki.